Baƙon Da Ba Ya Bukatar Tafinta

Idan aka ce wane ya yi zaman ƙasar waje, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Ingila ko Masar ko Amurka, watau inda za a shiga jirgin sama, a sha sanyi, a komo da hotuna da labarin ƙanƙara. To, ni ma na yi zaman ƙasar waje, har yanzu ma a cikinsa nake, sai dai tawa ƙasar wajen ita ce wannan da kuke zaune a ciki. Ni mutumin Maraɗi ne, ta Jamhuriyar Nijar. Ranar da na taso, a gidanmu na yi sallar asuba, na bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na yi la'asar a Kano. Yamai, babban birnin ƙasarmu, ta fi kilomita 600 daga ƙofar gidanmu, Kano kuwa ba ta kai rabin haka ba. Duk da haka sai da aka duba takarduna a kan iyaka kafin in shigo, kuma tun daga ranar sunana baƙo.

Na zo ne a ƙarshen shekarar 1922 ta Bature in ji wani abokina mai tsokana, domin ya ce kayan da na sawo sun yi kama da na zamanin kakanninsa. Gaskiyar magana a ƙarshen 2022 ne, bayan malaman jami'o'i sun janye yajin aikin nan na wata takwas. Ban sami ɗaki a makaranta ba, saboda haka na sauka a Dakata, cikin yankin Nassarawa, a gidan wan mahaifiyata, wanda nake kira Kawu.

Kawu ya shigo Kano a 1974, yana saurayi, bayan farin da ya cinye dabbobi da amfanin gona a ƙasarmu. Ya ce ya tarar da sauran dalar gyada a tsaye, ya kuma tarar da Bompai tana ci kamar kasuwa. Ya sami aiki a wata masaƙa, ba a daɗe ba aka yi ƙarin albashin Udoji, ya sayi keke Raleigh wanda har yau yana nan a jingine a zaure. A nan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya takwas, ya ga jikoki. Daren da na sauka, bayan mun ci tuwo kowa ya watse, sai ya jawo ni kusa, ya rage murya, ya juya harshe zuwa irin maganarmu ta gida, wadda ban ji ya yi da kowa ba tun da na shigo.

Ya ce, "Ɗan nan, ka ji abin da zan gaya maka. In an tambaye ka, kai Bakatsine ne, daga wajen Jibiya. Ba ƙarya ka yi ba, ai ka san tarihi."

Na san tarihin kuwa. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na Haɓe suka bar birninsu suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, har yau kuwa sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Turakun iyakar da suka raba mu da Katsina sai tsakanin 1906 da 1908 Turawan Ingila da na Faransa suka kakkafa su. Saboda haka na ce wa Kawu to, ban tambaye shi dalili ba. Na lura dai akwai wata adaka a ƙarƙashin gadonsa, da kwado a jiki, wadda ba ya yarda yara su taɓa.

Wahalar zaman ƙasar waje ta farko ita ce harshe, in ji waɗanda suka je Turai. Ni nawa harshen bai ba ni wahalar rashin ji ba, wahalar ji fiye da kima ya ba ni. Wanda ya je ƙasar da ba ya jin maganarsu ya san shi kurma ne, sai ya yi hankali. Ni kuwa na shigo da gadarar cewa Hausa tawa ce, ashe akwai ramuka a hanya.

Ramin farko a aji na faɗa shi, a mako na biyu. Malaminmu na nahawu ya yi tambaya, na san amsa, na ɗaga hannu na ce, "Mushe!" Ajin ya yi tsit, sa'an nan aka bushe da dariya, har da masu buga tebur. Mu a gida haka muke kiran malamin lakwal, watau makarantar boko, daga kalmar Faransanci ta girmamawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa a Kano na kira dattijo dabbar da ta mutu ba yanka ba. Allah ya saka wa malamin nan da alheri. Ya jira dariya ta lafa, ya rubuta kalmar a allo, ya sa mata alamar karin sauti iri biyu, ya mai da abin kunyata darasin ranar. Da aka tashi ya tambaye ni daga ina, na ce daga wajen Jibiya. Ya dube ni, ya yi murmushi, bai ce kome ba.

Bayan wannan sai na biyu. Na tambayi wani ɗan Kawu ina fadarsu take, ina so in je hira. Ya ce fada ai tana cikin gari, kuma ba a zuwa hira can sai da dalili. Mu fada ita ce inda samari ke shimfiɗa tabarma a bakin titi, su ɗora buta a kan gawayi, su sha shayi hawa uku, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. A nan majalisa ake ce mata, shayi kuwa a teburin mai shayi ake shansa, cikin babban kofi da madara da burodi, a tsaye ma wani lokaci. Bakano ba ya jiran hawa na uku. Kafin buta ta tafasa sau biyu ya tuna da wanda yake bi bashi a Kantin Kwari.

Sai kuma kuɗi. Mu da dala muke ƙirga sefa: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jikka ɗaya sefa 1,000. Na ce wa mai gurasa ya ba ni ta dala arba'in, ya ce in dalar Amurka ce in kwashe tiren duka har da yaron da ke ɗauka. Haka na yi ta gyara bakina. Na daina cewa hura da lahiya da tahiya, na koyi fura da lafiya da tafiya. Na mai da mi ta koma me, wanga ya koma wannan. Kalma ɗaya ce ta ƙi ni, watau biyar. In na yi hankali ina faɗinta daidai, amma da na shagala sai biyat ta kuɓuce.

Duk ranar da babu lacca nakan ari keken Kawu in shiga gari, domin an ce gani ya kori ji. Na hau Dutsen Dala da hantsi, na tsaya inda ake cewa Barbushe ya yi zamani, na ga gari ya bazu har inda ido ya gaza, ga Goron Dutse can yamma. Na bi sauran ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa, na ga inda aka gyara da inda gidaje suka cinye. Na ɓata sau biyu a Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, na shiga Gidan Makama na ga kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na tsaya a marinar Ƙofar Mata ina kallon dattawa suna tsoma zane a baba. Da ƙaramar sallar 2023 na tsaya a bakin titi kusa da gidan gwamnati na kalli Hawan Nassarawa, ranar da Sarki ke fitowa daga birni ya ziyarci gidan Nassarawa, inda aka binne Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Ado Bayero, ya gaisa da Gwamna, sa'an nan ya ratsa unguwannin waje. Da na ji kakaki na ga 'yan lifidi sai bakina ya buɗe zan ce wa na kusa da ni mu ma haka muke yi a Maraɗi. Na tuna da maganar Kawu, na haɗiye.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai duk cikin yawon nan shi ne Gidan Ɗan Hausa, nan cikin Nassarawa. Gida ne na ƙasa, mai kaurin bango da zane a fuska, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Haifaffen ƙasar Suwizalan ne, ya yi wa Ingila aiki, ya ratso Sahara daga Tarabulus, ya koyi Hausa har mutanen Kano suka sa masa suna Ɗan Hausa. Na zauna a gindin wata bishiya a harabar gidan ina ta tunani. Ga wanda ya zo daga bayan teku, bai ɓoye inda ya fito ba, an ba shi Hausa kyauta. Ga ni, wanda aka yi wa huɗuba da Hausa, ina yawo da aron gari kamar mai aron riga.

Ana nan, ran 26 ga Yuli, 2023, soja suka karɓi mulki a Yamai. Kafin mako ya zagayo ƙungiyar ECOWAS, wadda mu a gida muke kira CEDEAO, ta sa wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya, aka fara maganar yaƙi a rediyo. Mahaifina ɗan kasuwa ne, wake da dabbobi yake kaiwa kasuwar Jibiya, da abin da ya samu yake biya mini makaranta. Ya kira ni a waya ya ce ciniki ya tsaya, kada in sa rai da kome sai abin da Allah ya yi. Na ce zan biyo 'yan babur ta ɓarauniyar hanya in zo. Ya ce bai yarda ba, dajin ba lafiya, in zauna wurin Kawu.

A daren ne na ga Kawu ya jawo adakar nan ya buɗe. A ciki akwai riguna biyu a ninke, da bargo, da 'yar buta, da tsohon katinsa na shaidar ɗan ƙasa tun na zamanin Seyni Kountché, da wasu takardun sefa waɗanda aka daɗe da daina karɓa. Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba 'ya'yansa ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Mutanen Gana aka fi ambata, amma 'yan Nijar da yawa sun tafi. Kawu ya ce ya ga abokan aikinsa sun sayar da katifa da rediyo a kan kuɗin mota. Shi kuwa matarsa na da tsohon ciki, sai ya kwana tara a sito a bayan dilolin auduga, wani abokinsa Bakano yana kai masa abinci. Da ya fito ya zama Bakatsine. Shekara ta zagayo, a Afrilun 1984 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986, ga yunwa a gida wadda har mutanenmu suka sa mata sunan shugaban Nijeriya na lokacin. Tun daga sa'an nan adakar nan take a ɗaure.

Ya ce, "Baƙo raɓa ne, ɗan nan. Ko ka shekara ɗari, ka san inda takalminka yake."

Na dubi mutumin da ya yi shekara 49 a gari, ya aurar da 'ya'ya a cikinsa, ya binne biyu a maƙabartarsa, amma kayansa a ɗaure. Barci bai ɗauke ni ba sai wajen asuba.

Da aka ba mu hutu ba ni da abin yi sai neman aiki, domin kuɗin makaranta ba ya jiran sulhun gwamnatoci. Wannan neman aiki shi ya zama yawon buɗe idona na biyu, kuma ya fi na farko koya mini Kano. Daga Bompai na fara, tun da ita ce a bakin ƙofarmu, ita ce kuma tsohuwa cikin unguwannin masana'antu. Kawu ya raka ni ranar farko, yana tafe yana nuna mini da baki: nan ana matsar gyada, nan ana yin alewa, nan kwanon sha, nan takalmin roba. Ya ce da, in jiniya ta yi kuka da rana, kekuna sukan cika titi har mota ta rasa hanya, masu tuwo da masu ƙosai a jere tun daga bakin ƙofa. Akwai kamfanonin da ke aiki har yanzu, na ji ƙugin injinansu. Amma da yawa ƙofofinsu sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakar gida. Ya ce abin ya fara ne tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje masu araha. Masaƙarsu ta daɗe da tsayawa. Shi kansa yanzu gadi yake yi a wani tsohon kamfani da aka mayar sito, yana tsaron dilolin atamfar da aka saƙa a ƙasar Sin.

Ban samu a Bompai ba. Na bi hanyar Panshekara har Challawa, inda manyan kamfanonin jima suke, tun daga nesa hanci ke gaya wa mutum ya iso. Nan ma aka ce in dawo wani mako. A Sharaɗa Allah ya yanke mini wahala, a wani kamfanin fata, inda ake ɗaukar leburori a bakin ƙofa kowace safiya. Heluma ya fito, dattijo ne mai furfura a gemu, ya dubi hannuwana ya ce waɗannan na biro ne. Na ce a gwada ni. Ya ce daga ina? Na ce daga wajen Jibiya. Ya ce in shiga.

Tun da an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfina, sai keken Udoji ya koma bakin aiki bayan ya yi ritaya. Kullum da asuba nakan taso daga Dakata, in ratsa Nassarawa ta gaban gidajen manya masu dogayen bishiyoyi, in bi titin Gidan Zu, in isa Sharaɗa kafin ƙarfe bakwai. Aikinmu shi ne sauke fatu daga mota, mu kakkaɓe gishiri, mu ƙirga, mu jera. Daga wurinmu ake kai su a jiƙa, a cire gashi, a zuba cikin wasu manyan ganguna masu juyawa tare da magani, su fito shuɗi-shuɗi, abin da majemin gargajiya ke yi da toka da bagaruwa cikin kwanaki. Gishiri ya tsattsaga mini hannu, wari kuwa ya bi ni har gida, sai da matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta ware mini bokiti da sabulu nawa ni kaɗai. Ruwan da ke fita daga unguwar, wani baƙi wani ja, yana bin rafin Salanta ya gangara kogin Challawa, a gefensa kuwa na ga masu lambu suna ban ruwa. Da tsakar rana mukan zauna a inuwar katanga mu ci garau-garau ko ɗanwake, ana musu a kan ko za a yi yaƙi ko ba za a yi ba. Ni dai ba na sa baki.

Abu ɗaya na iya wanda ba a koya mini a nan ba. Na san fatar jar akuya. A gidanmu na tashi na tarar da su, mahaifiyata ba ta taɓa rabuwa da uku ko huɗu a turke ba, har gidan kiwonsu na gwamnati akwai a Maraɗi. Irin fatar nan ce, tamu da ta Sakkwato, fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita, Turawa suka saye ta a bakin teku suka sa mata sunan Maroko. Ina taɓa ta nakan gane ta, ga laushi ga ƙarfi. Heluma ya lura ina ware su gefe ba a sa ni ba, ina kuma nuna waɗanda wuƙar mahauci ta yi wa rauni, sai ya ɗauke ni daga dako ya sa ni wurin zaɓe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, iyaka a rufe, amma fatun nan ba su daina zuwa ba. Akuyar garinmu tana ƙetarowa bayan ta mutu, ni mai rai na kasa.

Ran nan wata Laraba aka kawo kaya, tare da wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, duk ƙura ta rufe shi. Ubansa ne ke kawo fatu, ba shi da lafiya, ya aiko shi, kuma bai taɓa zuwa Kano ba. Tun daga sallamarsa na san daga inda ya fito, gabana ya faɗi. Aka ƙirga kaya, aka zo lissafi, yaro ya ce babansa ya ce jikka ɗari uku da hamsin. Akawu, wanda saurayi ne, bai san jikka ba sam. Wani dattijo cikin masu dako ya ce ai jaka naira 200 ce tun zamanin fam, saboda haka kuɗin yaro naira 70,000 ke nan. Akawu ya ce bai yi kama da kuɗin wannan kaya ba, amma in haka mai kaya ya ce, to. Yaro ya ji adadin ya yi yawa a kunne, ya rasa ko riba ce ko faɗuwa, ya tsaya yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Babu mai niyyar cutarsa a wurin, amma da an rubuta an sa hannu, da ya koma wa ubansa da abin da bai kai rabin rabin kuɗinsa ba.

Ni kaɗai na san jikkar da yake nufi. Na kuma san in na buɗe baki, Jibiya ta ƙare. Na tuna da Kawu a bayan dilolin auduga, na tuna da rediyo, na tuna da kuɗin makaranta. Wallahi sai da na sunkuyar da kai na ci gaba da juya fatar da ke hannuna. Sai na ji yaron ya ce a hankali, shi kaɗai, "Wayyo Allah, mi za ni ce ma baba?"

Na ajiye fatar, na ce, "Malam akawu, dakata. Jikkarsa sefa 1,000 ce. Kuɗinsa sefa 350,000 ne, sai a buga da canjin yau a Wapa." Na juya wajen yaron na yi masa magana da harshen gida, na tambaye shi garinsu, ya ce wajen Tibiri. Ya kama hannuna da hannu biyu. Akawu ya buga waya ya tambayi canji, aka yi lissafi, aka biya shi daidai.

Da yaro ya tafi na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya. Heluma ya dube ni, ya ce, "To, Bakatsine, yau an sauka daga Jibiya ke nan?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Yaro, tun ranar da ka fara ƙirga mana fata kana cewa ashirin da biyat, kana kuma rubuta bakwai da sanda a tsakiya, muka san ka. Mun ga kana so a ce Jibiya, muka ce Jibiya. Ni da kake gani, kakana da raƙuma ya zo daga Agadas. Ka je cikin gari ka tambayi Agadasawa, ka tambayi Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi, ka ji ko daga sama suka faɗo. Ɗauki fatarka ka ci gaba da aiki."

Tun daga ranar sunana a kamfani ya koma Ɗan Maraɗi. In an ji labari a rediyo ni ake tambaya, kamar ni ne jakada. Da malaman Nijeriya suka tafi Yamai neman sulhu, wani cikin masu dako, wanda na fi jin tsoron bakinsa, shi ya ce mini a masallacinsu kullum sai an yi addu'a kada a yi yaƙin nan, domin matar wansa 'yar Damagaram ce. Ba zan ce kowa ya so ni ba. Akwai wanda ya riƙa ce mini mun zo mun cinye musu aiki, har na bar wurin bai daina ba. Amma wannan ɗaya ne cikin mutum fiye da talatin, kuma na gane cewa tsoron da na yi wata tara ina ɗauke da shi ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Da na gaya wa Kawu abin da ya faru ya yi shiru, ya ce na yi ganganci. Inna tana bakin murhu, ta ce, "Malam, wai kai kana tsammani akwai wanda bai sani ba a Dakata? Tun kafin a ɗaura mana aure babana ya aika aka bincika har garinku." Kawu ya buɗe baki ya rufe. Ban taɓa ganin dattijo ya yi kama da yaron da aka kama da hannu a tukunya ba sai ran nan.

Na biya kuɗin makaranta da kuɗin fata. A watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumi, a watan Maris aka buɗe iyaka. Da hutu ya zo na ce wa Kawu zan je gida, sai ya ce mu tafi tare, rabonsa da Maraɗi tun rasuwar kakarmu. Shi da mahaifiyata suka zauna a tabarma ɗaya suna kuka suna dariya. Amma kwana uku da isarmu na ga abin da ban zata ba. Yaran unguwa Bakano suke ce masa. In ya je kasuwa sai ya tsaya yana mai da dala naira a ransa. Ya nemi abokansa, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ni ma ban tsira ba, domin ƙanwata ta aike ni in sayo mata abu na ce biyar, suka yi ta maimaitawa suna dariya har dare. A rana ta goma Kawu ya ce shi fa hankalinsa ya koma gida, ya bar jikarsa ba lafiya. Gida ya ce, da bakinsa, kuma Dakata yake nufi.

Da muka dawo ya jawo adakar nan ya buɗe, ya ba ni bargon, ya ba almajirin gidan rigunan, ya ajiye katin a cikin littafinsa na addu'a. Adakar yanzu tana ɗakin Inna, a ciki take zuba kwanoninta na biki.

Ban rubuta wannan don in ce iyaka ba kome ba ce. Na ga abin da rufe ta ya yi wa mahaifina, kuma tun Janairun 2025 ƙasata ta fita daga ECOWAS, ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo wa irina. Abin da na gane dai shi ne, wanda ya ɓoye garinsu ba ya zama ɗan gari, baƙuntarsa kawai yake tsawaitawa, domin kullum yana gadin bakinsa. Ni sai da na yarda ni ɗan Maraɗi ne sa'an nan na fara zama a Kano da gaske.

Ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya tamu. Na farko, akwai ɗalibai a cikinmu daga Nijar da Kamaru da Cadi da Gana waɗanda ke yin shiru a taro don tsoron a yi wa Hausarsu dariya. A jawo su, a sa su yi magana, a rubuta kalmominsu, ko ma tara ɗan ƙamus na abin da Faransanci ya ba mu da abin da Ingilishi ya ba ku. Na biyu, in an tashi shirya ziyarar ƙungiya ta gaba, a tuna an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, amma ba sai mun jira jirgi ba, mota ma tana zuwa. Ku zo ku sha hura a gidanmu, ku zauna a fada ku jira hawa na uku. Wanda ya kira malaminmu Mushe a can, ba mai yi masa dariya.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa kowane baƙo ya sauka a hannu nagari, amin.